Asibitin Da Ba Ya Numfashi Sai An Kawo Wuta

A daren Laraba 25 ga Mayun 2022 gobara ta tashi a ɗakin jarirai na asibitin garin Tivaouane da ke ƙasar Senegal, ta halaka jarirai 11. Hukumomi sun ce wayar lantarki ce ta haɗu. Sashen kuwa sabo ne fil, ba a jima da bikin buɗe shi ba. Kashegari Shugaba Macky Sall ya sallami ministan lafiya, aka yi zaman makoki na kwana uku, aka wuce. Alhali shekara guda kafin nan, a Afrilun 2021, jarirai huɗu sun mutu a irin wannan gobara a asibitin Linguère, a ƙasar dai. Iyayen yaran nan sun kai su ne don a yi musu maganin raunin da suka zo duniya da shi, sai ɗakin da aka kwantar da su ya riga cutar.

Duk abin da ya taru ya haifar da wancan bala'i yana nan jibge a asibitocinmu, daga Sakkwato har Yola, daga Maraɗi har Damagaram, kuma kullum ƙara shi muke yi da kuɗin jama'a. Yanzu yayin ginin asibiti ake yi. Gwamna na ginawa, sanata na ginawa da sunan aikin mazaɓa, attajiri na ginawa don neman lada. Madalla da niyya. Amma a tsaya a dubi abin da ake tayarwa. Fuskar gini gilashi ce zalla, sau da yawa ma tana kallon yamma inda ranar la'asar ke dukanta. Kwanon rufi mai duhun launi. An sauko da silin har dogon mutum yana iya taɓa shi. Tagogi 'yan mitsi-mitsi masu zugewa, sannan a jikin kowane ɗaki an liƙa na'urar sanyaya ɗaki. A hoton ranar buɗewa abin gwanin sha'awa. Sai dai gini ne da aka zana wa ƙasar da ba a ɗauke wuta, aka zo aka dasa shi a inda wuta baƙuwa ce. Da an ɗauke, kafin rabin awa ɗakin majinyata ya fi waje zafi, iska ta tsaya cak, na'urar oksijin ta yi shiru, zuwa safe famfo ma ya ƙafe don injin da ke tura ruwa cikin tanki bai yi aiki ba.

Kada wani ya ce ai matsalar wuta ta kusa zama tarihi. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da abokan aikinsu sun fitar da rahoton da ya nuna kusan mutum biliyan ɗaya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna zuwa asibitocin da ko dai babu lantarki sam, ko kuma wutar ba abin dogaro ba ce. A Afirka kudu da Sahara kusan rabin manyan asibitoci ne kawai ke da tsayayyiyar wuta. A Najeriya, cikin Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kuma manyan asibitoci da yawa a wannan rukuni suka tsinci kansu. Asibitin koyarwa na Ibadan, wanda ya girmi duk takwarorinsa a ƙasar, an yanke masa wuta saboda bashi a ƙarshen Oktoban 2024, ya haura kwana 100 a haka. A watan Oktoban dai ne manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, na Shiroro zuwa Kaduna ɓarna aka yi masa, jihohi da dama suka shafe sama da mako guda a duhu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗani nasu tun a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse musu wutar da take sayar musu bayan juyin mulki. Duk mai zana asibiti a wannan yanki bai kamata ya tambayi kansa ko za a ɗauke wuta ba. Abin tambaya shi ne me zai faru da majinyaci a awa ta shida bayan an ɗauke.

Na taɓa kwanan jinyar ɗan'uwa a wani babban asibiti, ba sai na ambaci suna ba. Can tsakar dare aka ɗauke wuta, ga mai naƙuda an shiga da ita tiyata. Nas ɗin da ke bakin aiki ta fito da sauri tana haska hanya da wayarta, ta nufi ɗakin inji, na bi bayanta don nawa majinyacin ma yana kan oksijin. Muka tarar da dattijon da ke kula da injin a tsaye da tocila a hannu.

"Baba, don Allah a tayar mana, an riga an fara yi wa matar nan aiki."

"'Yata, ba ƙi na yi ba. Batirin tayarwa ya mutu tun watan jiya, na rubuta takarda, har yau tana ofis. Na aiki yaro ya kwanto na motar asibiti."

"To man fa, Baba, zai kai mu?"

"Zai kai asuba in da iya tiyata zan ba. Amma layi ɗaya ne, 'yata. In na tayar, har gidajen ma'aikata da shagunan bakin ƙofa na ba wa."

Sai da aka ɗaura batirin motar ɗaukar marasa lafiya sannan inji ya tashi. Allah ya yi da sauran kwana, matar ta rayu. Da a ce a wannan tsakanin an buƙaci garzayawa da wani zuwa wani asibitin, da motar ma ba ta tashi ba.

Dattijon nan ya faɗi abin da injiniyoyin asibiti suka daɗe suna faɗa. Wutar asibiti kashi biyu ce, kuma tun daga zane ake raba su. Akwai layin ceton rai: ɗakin tiyata, ɗakin haihuwa, ɗakin bakwaini, wurin adana jini, firjin rigakafi, na'urorin oksijin, fitilun hanyar fita. Sai kuma layin jin daɗi, wato ofisoshi da ɗakin taro da gidaje da sauransu. Idan aka raba, ƙaramin inji ko 'yan batura sun isa su riƙe layin farko har gari ya waye. Idan aka haɗe, dole a sayi ƙaton inji, shi kuwa ƙaton injin dizal in ana tafiyar da shi da ɗan ƙaramin kaya mai kawai yake sha, yana tara baƙin hayaƙi a cikinsa, yana lalacewa da wuri. Jini ana ajiye shi ne tsakanin digiri 2 zuwa 6, yawancin alluran rigakafi tsakanin 2 zuwa 8, haka ma allurar oksitosin da ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa. In zafi ya daɗe yana dukan allurar nan, launinta ba ya canzawa, ƙarfinta ne ke raguwa. Ungozoma za ta yi wa mai jego ita da kyakkyawar niyya, jini ya ƙi tsayawa, a ce kwana ne ya ƙare, ba wanda zai tuna da firjin da ya yini ya kwana a kashe.

Sola ta zo da sauƙi, kuma ina cikin masu murna da ita, don rana dai Allah ya hore mana. Amma yadda ake sa ta a asibitoci da yawa ya sa ta fara zama sabon kufai. Ana jera batura a wani ɗan lungu mara taga, alhali batirin dalma an yi shi ne don zafin da bai wuce digiri 25 ba, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage rabin kwanansa. Hunturu ya zo ƙura ta rufe faranti, ba wanda aka ɗora wa alhakin gogewa. Sannu a hankali a fara jona butar dafa ruwa, a jona dutsen guga, a ja waya zuwa gidan wani babba. Ƙungiyar da ta ba da kyautar ta ɗauki hoto ta tafi, ba a rubuta ko'ina wa zai sayi sabon batir in wannan ya mutu ba. Shekara biyu ko uku, sai ka ga faranti a kan rufi suna walƙiya, ɗakin haihuwa kuma an koma tocila. Matattun baturan kuma a sayar wa masu fasa su a bayan gari, dalma ta shiga ƙasa da jikin yara. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yaran Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinare ta fito, ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne iska da zafi, domin a nan ne muke ɓata abin da muka gada mai kyau da sunan gyara. Duk wanda ya san tsofaffin asibitocinmu ya san fasalinsu: dogon ɗaki mai tsawon sama, manyan tagogi suna fuskantar juna, baranda ta kewaye, darbejiya ta yi rumfa a tsakar fili inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma. Sai a ba da kwangilar kwaskwarima. Ɗan kwangila ya zo ya sauko da silin don sanyi ya kama, ya cire tagogin da ke buɗewa gaba ɗaya ya sa masu zugewa waɗanda rabi kawai ke buɗuwa, ya toshe 'yan kafofin iska na sama, ya rufe baranda ya mai da ita ofis, ya sare bishiyoyi ya shimfiɗa siminti don ajiye motoci. A sa fenti da tayil, a kira mai girma ya zo ya gani. Ko a ranar da akwai wuta ma an yi ɓarna, domin irin na'urar sanyaya ɗakin da ake liƙawa a bango ba ta shigo da sabuwar iska daga waje. Iskar da ke ɗakin take sanyayawa ta maido. Idan mai tarin fuka na gado na uku, numfashinsa ne ake sanyayawa a rarraba wa kowa.

An auna wannan. A 2007 aka wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci takwas na birnin Lima a ƙasar Peru. Masu binciken sun gano cewa a tsofaffin gine-ginen da aka yi kafin 1950, masu tsawon sama da manyan tagogi, in aka buɗe tagogi da ƙofofi iskar ɗaki na sauyawa kusan sau 40 a awa guda. A sababbin gine-gine sau 17 ne. Ɗakunan da aka kashe maƙudan kuɗi aka sa musu injin zuƙe iska kuwa, ƙa'idarsu sau 12 ce, in injin na aiki ke nan. A garin Tugela Ferry na Afirka ta Kudu, tsakanin 2005 da farkon 2006, an gano mutum 53 da wani nau'in tarin fuka mai bijire wa kusan duk magunguna, 52 suka mutu, kuma da yawansu sun taɓa kwanciya a asibiti kafin cutar ta bayyana a jikinsu. Mu kuwa Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. Ga ƙyanda duk shekara, ga sanƙarau da bazara, ga mashaƙo da ya ɓarke tun ƙarshen 2022 ya fi ƙamari a Kano. Dukkansu ta numfashi suke bi. Ɗakin jiran ganin likita da aka cusa mutum ɗari a ciki, aka rufe tagogi, yana iya sallamar mutane da cutar da ba su zo da ita ba.

Zafin kansa yana kisa. A ranar 3 ga Afrilun 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. A kwana huɗun farko na watan, ana azumi kuma ana fama da ɗauke wuta, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya samu mutuwar mutum 102, alhali a duk tsawon Afrilun 2023 mutum 130 ne. Sakkwato da Maiduguri da Tawa ba su da nisa da wannan yanayi, zafin da ya haura digiri 40 abin kowace bazara ne. Tsoho mai ciwon zuciya, ko yaron da gudawa ta zuƙe, in aka kwantar da shi ƙarƙashin kwano mai duhu a ɗakin da iska ba ta ratsawa, ƙarin ruwan da ake yi masa zufa ce ke kwashe shi.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba tsada gare shi ba in an yi shi tun ran gini. A miƙar da dogon gini daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen bangwaye masu tagogi za su kalli kudu da arewa, rana ta dinga dukan gajerun gefuna kawai. A yi rufi mai haske, a bar sarari tsakaninsa da silin don iska ta kwashe zafi. A fito da bakin rufi ya yi wa bango inuwa. A bar kafa a sama inda iska mai zafi za ta fice. Asibitin Butaro da aka buɗe a Ruwanda a 2011 an fitar da hanyoyin wucewarsa waje ne da gangan, don kada majinyata su cunkushe a rufaffen lungu suna shaƙar numfashin juna. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker ta masu zanen gini, ya gina asibiti a garin Léo da bulon ƙasa da rufin da aka ɗaga sama da bango. A Dandaji ta Nijar, garin Hausawa, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka tayar da sabo da matsattsen bulon ƙasa tare da maginan wurin, ginin da ke sanyaya kansa. Ba cewa nake a hana asibiti na'urar sanyi ba. Ɗakin tiyata na buƙatar tatacciyar iska mai sanyi, haka ɗakin magani da wasu na'urori, kuma da hunturu dole a iya rufe taga saboda ƙura da sanyi, a sa raga saboda sauro. Amma ɗakuna kaɗan ne waɗannan. Sauran asibitin kamata ya yi ya iya zaunuwa ko da wuta ko babu.

Sai gobara, wadda ta ƙara kusantowa tun daga lokacin korona, sa'ad da aka cika asibitoci da tukwanen oksijin ba tare da an sake duba wayoyi da hanyoyin fita ba. A Afrilun 2021 tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza, aƙalla mutum 82 suka mutu. Bayan kusan wata uku aka sake yin irinta a Nasiriyya, a Iraƙin dai, mutum sama da 60 suka tafi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin. In ya ɗan haura haka a rufaffen ɗaki saboda yoyon bututu, zanin gado da katifa da gashin kai sukan kama wuta da ɗan tartsatsin da a waje ba zai yi komai ba. Maiko ko man shafawa a bakin tukunya ma ya isa. Yanzu a leƙa ɗakin jarirai na asibitin da ya fi kusa. A soket guda an jona wayar ƙari, a jikinta akwai kwalbar bakwaini biyu, da na'urar oksijin, da abin ɗumama ɗaki, da cajar wayar masu jinya. Soket ɗin ya yi baƙi, alamar ya sha zafi. Wayar da ke cikin bango jabu ce, siririya, don ɗan kwangila ya rage kuɗi a inda ido ba ya gani. Silin na roba ne, irin wanda in ya kama yake narkewa yana ɗiga da hayaƙi mai guba. Tukunyar oksijin na tsaye ba sarƙa, yaro ma zai iya ture ta. Tagogi duk an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi. Ƙofar baya an garƙame ta da kwaɗo, an jibge karyayyun gadaje a gabanta, makulli na wurin maigadi, maigadi ya tafi cin abinci. Jar tukunyar kashe gobara na rataye, kwanan watan da ke jikinta ya wuce da shekaru, kuma a cikin ma'aikatan dare babu wanda aka taɓa nuna wa yadda ake zare mata fil. Ɗauke wuta da kawo ta da ƙarfi sau goma a yini yana ƙara gajiyar da wayoyin. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, in ma akwai ruwa a motar, an gama.

Ruwa kuma fuska biyu gare shi, rashinsa da yawansa. Asibitin da masu jinya ke sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa ba yadda za a yi likita ya wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci. Inda aka yi burtsatse kuma, sau da yawa ba wanda ya auna tazararta da ramin sokawe, alhali shawarar da aka saba bayarwa ita ce kusan mita 30. A 2021 an samu mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka mutu, akasari a Arewa. Asibitin da banɗakinsa ke tumbatsa yana malala zuwa kwatar unguwa ba ya cikin masu yaƙi da wannan annoba. A ɗaya fuskar, ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga asibitin koyarwa na jami'a da asibitin ƙwararru na jiha, a daidai lokacin da gari ya fi buƙatarsu. An taɓa yin irin wannan ambaliya a 1994, wato ba abin da ba a sani ba ne. Duk asibitin da ke kwari ko kusa da kogi, injin wuta da allon rarraba wuta da ɗakin magani da takardun majinyata da na'urori masu tsada ba ƙasa ne wurinsu ba. A ɗaga su. Na ga inda aka gina sabuwar cibiyar lafiya a filin da kowa a garin ya san kududdufi ne da damina, don kawai shi ne filin da aka samu kyauta.

Shara ba sai na daɗe a kanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti irin ta gida ce, kashi 15 ne mai haɗari. In ba a raba su tun daga bakin gado ba, duka sun zama masu haɗari. Ƙona robar ƙarin ruwa a fili da ɗan kananzir yana fitar da hayaƙi mai guba zuwa tagogin majinyata da gidajen maƙwabta, ragowar allurai kuma 'yan jari-bola da yara su tsince. Inda shara ta taru ɓera ya samu gida a cikin silin, mu kuwa a ƙasar da aka fara gano zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa muke, a 1969, a garin Lassa na Borno.

Me ya sa muke haka, alhali muna da injiniyoyi? Domin sabon gini ana yanka masa ƙyalle a sa a talabijin, sauya batirin inji kuwa ba a yi masa biki. Kuɗin gini na fitowa da kauri a kasafi, kuɗin kula da gini ɗan tsirit ne, shi ma shi ake fara zaftarewa. Sashen ayyuka na asibiti can baya ake ajiye shi kusa da ɗakin ajiye gawa, shugabansa ba ya zama a teburin da ake yanke shawara, sai abu ya fashe a neme shi. Ɗan kwangila na miƙa makulli ba tare da zanen da ke nuna inda wayoyi da bututu suka bi ba, ranar da famfo ya fashe sai an farfasa bango ana lalube. Wani nazari da aka wallafa a 2011 ya duba na'urorin asibiti sama da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya tarar kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo, rashin tsarin kulawa, da gine-ginen da ba su dace da na'urorin ba. Kakanninmu da suka zauna a soro sun san cewa kafin damina ake yaɓe a gyara indararo, mai gidan da ya jira sai ya ga ɗiga a kan gadonsa ya riga ya makara, don azara ta sha ruwa. Siminti ya zo ya ruɗe mu muka ɗauka an gama da wannan al'ada.

Dokoki ma akwai su a takarda. Akwai kundin ƙa'idojin gini na Najeriya na 2006. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta kuma ware kashi 15 na asusun don samarwa da kula da gine-gine da kayan aiki da sufuri. A Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarnin zartarwa na 11 kan kula da gine-ginen gwamnatin tarayya. Amma yawancin asibitocin da talaka ke zuwa na jihohi ne da ƙananan hukumomi, a can kuwa sai abin da gwamna da majalisarsa suka ga dama.

Lokacin da ya rage kaɗan ne, kuma yanayi ne ke ƙayyade shi. Duba wayoyin ɗakin jarirai kafin sanyi ya shigo a fara jona abin ɗumama ɗaki ake yi. Buɗe tagogin da aka toshe da gwada firjin magani kafin Maris ne. Yashe kwata da gyaran rufi kafin Yuni. Shugaban asibiti ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya zaga da kansa da dare, ya sa a kashe wutar gari da gangan a gabansa ya ga minti nawa inji zai ɗauka kafin ya tashi, ya nemi a buɗe masa kowace ƙofar baya. Kwamitocin lafiya na mazaɓu da masu unguwanni suna da hurumin tambayar wa ke riƙe da kuɗin sauya batirin sola. Wanda za a kawo wa zanen sabon asibiti ya sa hannu, ya tambayi mai zanen yaya zafin ɗakin majinyata zai kasance da ƙarfe ukun rana a watan Afrilu in babu wuta, in ya rasa amsa a mayar masa da zanensa. A ƙarshen shekara ne gwamnoni ke kai kasafi gaban majalisun jihohi. Duk ɗan majalisar da ya ga layin gina sabon asibiti, bai ga layin kuɗin kula da shi na kowace shekara da albashin injiniyan da zai riƙe shi ba, to ya ƙi amincewa har sai an rubuta.